Gidan haya "mai fatalwa" a Tombstone, Arizona: tauraro biyu da rabi, kuma ba fatalwar ce ta ci makin ba

Ga wanda ba shi da lokacin karanta dogon surutuna, makin da na ba gidan nan tauraro biyu da rabi ne cikin biyar. Biyun na baranda ne da kaurin bango, rabin kuma na maƙwabta. Sauran makin mai gidan ce ta cinye shi da hannunta, fatalwa ba ruwanta a ciki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin masu aikin kwantiragi ɗin nan da ake turawa asibiti na 'yan watanni, to sai aka tura ni wani asibiti a wajajen Sierra Vista, can kudancin Arizona kusa da iyakar Meksiko. Gida mai kaya a ciki a Sierra Vista wahalar samu gare shi saboda barikin soja na Fort Huachuca yana nan, masu zuwa aiki na ɗan lokaci sun yi yawa. Ina cikin lalube a intanet na ci karo da tallar wani gida a Tombstone, tafiyar wajen rabin awa a mota, ɗaki biyu da falo da kicin, tsohon ginin tubalin laka wai tun shekarun 1880, da gado da kujeru da tukwane duk an sa. Ba zan kama sunan gidan ko na mai shi ba, ba na son rigima, amma duk wanda ya nemi haya a garin zai ga irin tallar. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa gidan yana da "baƙi", wai akwai wata mata da ake hangowa a bakin taga da wani mahaƙin azurfa da ake jin takunsa a baranda cikin dare. Ba ɓoyewa ake ba fa, da shi ake tallar, kuma kuɗin ma ya ɗara na wasu gidajen da na gani a layin waɗanda ba su da kowa a ciki sai masu rai.

Da na nuna wa maigidana sai ya kwashe da dariya ya ce Maman Sadiq ke da kyankyaso in ya gifta sai unguwa ta ji, ke ce za ki kwana da fatalwa? Na ce masa Abban Sadiq, ai wanda ya mutu ya mutu, yana can yana fama da nasa hisabin ba shi da lokacin yawo a barandar mutane, aljanu kuma ina ne babu su. Shi ke nan muka biya muka tare mu uku.

Sai kun san garin kafin ku gane me ya sa fatalwa take da farashi a nan. Wani mai suna Ed Schieffelin ne ya gano azurfa a tuddan wurin a 1877, aka kafa garin a 1879, kafin a ce kwabo dubban mutane sun cika shi, mahaƙa da 'yan caca da masu mashaya da karuwai da ɓarayin shanu masu tsallakawa Meksiko su koro garke. Gobara ta cinye tsakiyar garin a Yunin 1881, ta sake ci a Mayun 1882. Abin da duniya ta fi sani shi ne harbe-harben ranar 26 ga Oktoba 1881 wanda ake danganta shi da wani garken dawaki mai suna O.K. Corral, inda Virgil Earp shugaban 'yan sandan gari da 'yan uwansa Wyatt da Morgan da abokinsu Doc Holliday suka yi arangama da wasu kaboyi, cikin abin da bai wuce daƙiƙa 30 ba aka kashe mutum uku, Tom McLaury da Frank McLaury da Billy Clanton wanda shekararsa 19 kacal. A wani fili ma aka yi kusa da shagon hoton C.S. Fly a titin Fremont, ba a cikin garken dawakin ba. Abin dariya wai dokar hana yawo da bindiga a cikin gari aka je tabbatarwa, yau kuma a Arizona baligi yana iya rataya bindigarsa ba tare da wani lasin ba, za ka ga mutum a kantin sayen madara da ita a ƙugu ka rasa ɗan wasan kwaikwayo ne ko da gaske yake. Bayan wata biyu aka yi wa Virgil kwanton ɓauna hannunsa na hagu ya mutu, a Maris 1882 aka harbe Morgan ta taga yana buga sinuka. Daga baya ruwa ya cika ramukan haƙar, injinan zuƙe ruwan suka ƙone a 1886, arziki ya tafi, a 1929 aka ɗauke hedikwatar gundumar Cochise aka kai Bisbee. Yanzu mutanen garin ba su fi dubu ɗaya da 'yan ɗari ba, kuma abin da suke ci da shi tarihin nan ne, kullum ana sake yin harbe-harben da harsashin ƙarya don masu yawon buɗe ido, ana zagayawa da su a keken doki a titin Allen, da dare kuma a kai su neman fatalwa. To gida in ba shi da fatalwa a irin wannan gari ai an bar shi a baya.

Bari in fara da abin yabo don kar a ce na zo da ƙiyayya. Bangon gidan nan kauri gare shi na gaske, da rana ana zabga zafi a waje amma ciki da sanyi-sanyi, da dare kuma ya riƙe ɗumi, waɗanda suka gina shi sun san abin da suke yi. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,400 sama da teku, don haka zafinsa bai kai na Phoenix ba ko kusa. Barandar kuwa ita ce gidan gaba ɗaya, in ka zauna da yamma kana hango duwatsun Dragoon rana tana faɗuwa tana mai da su ja, da dare taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Kicin ƙarami ne amma akwai komai, katifun masu kyau ne, intanet bai taɓa ba ni matsala ba, wurin ajiye mota wadatacce. Maƙwabta tsofaffi ne 'yan fansho akasari, masu kirki, wata dattijuwa a gefenmu har kek take kawo wa Sadiq tana tambaya ko akwai abin da ba ma ci don kar ta sa.

To matsalar daga ina ta fara. Daga daren farko ƙofar ɗakin baya take buɗe kanta, ka rufe ka juya baya ka ji ƙiiii ta wangale. Na tura wa mai gidan saƙo, ta amso da murna wai ai mahaƙin ne yake mana maraba, yana son yara. Abban Sadiq ya duba ya ga gidan ne ya ɗan zauna gefe guda, ƙyauren ya karkace, harshen makullin ba ya shiga raminsa, da sukudireba da 'yar takarda ya gyara cikin minti kaɗan mahaƙi ya daina maraba. Sai fitilar falo, tana lumshewa tana dawowa musamman in an kunna butar lantarki, na faɗa mata ta ce ai matar tagar ce, haka take yi in ta ji baƙin murya. Sai wani lungu a falo mai sanyi ƙalau wanda har a tallar an ambace shi, ashe gilashin tagar ne ya tsage ta sama an rufe da labule. Sai motsi a silin, wannan kam ya tsorata ni ba ƙarya, wajen ƙarfe biyun dare ka ji kamar ana jan buhu daga wannan kusurwa zuwa waccan sai kuma a yi shiru sai a ajiye wani abu ƙwal. Maƙwabcinmu ya ce wani irin ɓeran hamada ne da suke da shi a yankin, babba ne, ɗabi'arsa kwasar tarkace yana tarawa a sheƙarsa, cokali da murfin kwalba da duk abu mai ƙyalli, kuma yana cin wayar mota shi ya sa za ku ga mutanen wurin suna barin bonet a buɗe da dare ko su sa fitila a ƙarƙashi. Ya ara mana tarko, a kwana kaɗan muka kama masu jan buhu.

Kun ga inda na dosa ai. Duk abin da ya lalace a gidan nan yana da fatalwar da aka ɗora wa, kuma da zarar an ce fatalwa ce shi ke nan ba sai an kira mai gyara ba. Wannan ita ce dabarar, ko da gangan take yi ko ta yarda da abin har zuciyarta ni ban shiga ranta ba, amma sakamakon ɗaya ne, kana biyan ƙarin kuɗi a kan lalacewar da a wani gidan ragi za a yi maka saboda ita. Fitilar nan da na dage sai da aka kawo mai gyaran wuta, mutumin ya buɗe soket ɗaya ya kira ni ya ce zo ki gani, waya ce tsohuwa rigarta ta bushe tana marmashewa, wani wurin har ya yi baƙi. A garin da gobara ta cinye sau biyu a shekara ɗaya, a gidan da silinsa katako ne busasshe, ana ce min wata mata ce take wasa da fitila. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na hita. Da sanyi ya shigo, don kar ku ji an ce hamada ku ɗauka ba a sanyi, da dare har ruwa yana daskarewa a waje, sai muka fara kunna wata tsohuwar hitar gas da ke jikin bangon falo. Ba a jima ba muka fara tashi da ciwon kai dukkanmu, jiki a mace, Sadiq yana ƙorafin tashin zuciya, ni kuma akwai daren da na farka na ji kamar an danne min ƙirji ina jin kamar akwai mutum tsaye a bakin gado. Da a ce ban yi aikin asibiti ba da na tattara kaya na ce gidan ya fi ƙarfina. Amma ciwon kai da ya kama mutum uku lokaci guda, ya sake su in sun fita waje, ya dawo in sun kwana, wannan duk ma'aikacin lafiya ya san abin da zai fara zargi, iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fitowa in gas bai ƙone da kyau ba ko bututun hayaƙi ya toshe, ta kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke shaƙa. Kuma tsohon labari ne a likitanci, tun 1921 wani likitan ido a Amurka mai suna William Wilmer ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida suka dinga jin taku da ganin mutane a ɗaki da jin an danne su a gado, ƙarshe aka gano murhun ɗumama gidan ne yake zuba musu guba, da aka gyara komai ya tsaya. Na je na sayo na'urar gano iskar, 'yar ƙarama ce ba ta da tsada, gidan ba shi da ko ɗaya. A daren ta yi ƙara. Muka kashe hita muka buɗe tagogi muka kwana a mota da bargo, da safe mai gyara ya zo ya zaro sheƙar tsuntsu da tarkacen ɓerayen nan daga bututun.

Da na kira mai gidan a kan wannan ban bari ta kai ga ambaton mahaƙi ba. Na rubuta mata takarda, don dokar haya ta Arizona ta ɗora wa mai gida kula da wuta da famfo da abin ɗumama gida, kuma in matsalar ta shafi lafiya ɗan haya yana iya ba da sanarwa a rubuce cewa in ba a gyara cikin kwana 5 ba yarjejeniya ta ƙare, sauran matsaloli kuma kwana 10. Gaskiya da ta ga takarda ta motsa, ta biya gyaran hitar, ta sa aka canza wayoyin falo, har ta ba da haƙuri. Amma sai da aka kai ga takarda. Duk mai shirin kama tsohon gida a yankin nan, mai fatalwa ko marar ita, ya shigo da na'urarsa a jaka tun ranar farko.

Wani abin da ya kamata ku sani game da doka, a Arizona mai gida ko dillali ba dole ba ne ya faɗa maka an taɓa mutuwa ko kisan kai a gidan, doka ta kare shi in ya yi shiru. Don haka wanda ya faɗa maka da bakinsa ba nauyi yake saukewa ba, talla yake. A New York ma an taɓa shari'a a 1991, Stambovsky da Ackley, inda kotu ta ce tunda mai gidan ita ta dinga yayata wa duniya cewa gidanta yana da fatalwa to ba ta da bakin musawa, mai saye yana da damar neman a warware cinikin. A Tombstone kuwa na tabbata da ƙarin kuɗi za a nema. Na tambayi mai gidanmu ko tana da wata takarda ko tsohuwar jarida da ta nuna wani ya mutu a gidan, tunda garin yana da jaridar Epitaph tun 1880 kuma ba abin da ba su rubutawa, ta ce ita dai haka ta ji daga wanda ya sayar mata.

Sai masu yawon neman fatalwa, wannan ba a faɗa min ba kafin in biya. Ashe gidan yana kan hanyar da wasu masu zagayen dare suke bi, wajen ƙarfe tara sai ka ga ayari sun tsaya a bakin shinge, jagora da baƙar riga da fitilar ƙwai yana ba da labari, mutane suna haska tocila a tagoginmu, wasu riƙe da wata na'ura mai ƙyafta fitilu wai tana jin motsin ruhi. Ni da nake fita aiki da asuba ina son in kwanta da wuri. Wani dare na idar da sallar isha da farin hijabina har ƙasa, na ji hayaniya na ɗaga labule in ga ko lafiya, ai kuwa sai ihu, wata ta zubar da wayarta, wani yana cewa ga ta nan ga ta nan, filashin kyamara ta ko'ina. Na saki labule na zauna ina dariya har da hawaye, Abban Sadiq yana cewa to Hajiya fatalwa sai a fara karɓar kuɗin kallo. Abin ya daina ba ni dariya da na ga mai gidan ta sa hoton, dusu-dusu dai ba a gane fuska, a shafin tallarta a matsayin hujja. Na ce ta cire ta cire, amma na tabbata yana nan yana yawo a wani wurin, ƙila ma cikinku wani ya taɓa gani.

Don in yi adalci mun bi irin zagayen nan sau ɗaya mu ma, kuma ba laifi, jagoran ya iya ba da labari. An nuna mana gidan wasan Bird Cage da aka buɗe a ƙarshen 1881, wanda masu wurin suke cewa akwai ramukan harsashi wajen 140 a jikinsa, da rana kuma mun je maƙabartar Boothill mai kaburbura wajen 250 inda aka binne su McLaury da Clanton, da tsohuwar kotun 1882 da yanzu gidan tarihi ce. A harabar kotun ne aka rataye mutum biyar a Maris 1884 saboda fashin da suka yi a wani kanti a Bisbee a Disambar 1883 inda suka kashe mutane har da mace mai ciki. Na shidansu John Heath da alƙali ya yanke wa ɗaurin rai da rai, mutane suka ga hukuncin bai musu ba suka fasa kurkuku suka rataye shi a jikin falwayar tangarahu ranar 22 ga Fabrairu, har hoto aka ɗauka. Jini kam an zubar a garin nan, wannan ba talla ba ce.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai tun ina zaune a barandar nan ina kallon duwatsun Dragoon. Duk fatalwar da ake sayarwa a garin ko ɗan bindiga ne ko ɗan caca ko matar mashaya ko mahaƙi. Duwatsun da nake kallo kuwa mafakar Cochise ce, shugaban Chiricahua, wani reshe na ƙabilar Apache 'yan asalin yankin, wanda gundumar take ɗauke da sunansa, a cikinsu aka binne shi a 1874 a wurin da mutanensa suka ɓoye. Yaƙinsa da Amurka ya samo asali ne a 1861 a Apache Pass, lokacin da wani ƙaramin hafsa George Bascom ya zarge shi da sace wani yaro wanda ba shi ya sace ba, ya kira shi tanti ya nemi tsare shi, Cochise ya yanka tantin da wuƙa ya tsere, aka riƙe danginsa, ƙarshe kowane ɓangare ya kashe waɗanda ke hannunsa, sojoji suka rataye ɗan uwansa da 'ya'yan ɗan uwansa. Aka shafe sama da shekara goma ana kashe juna, manoma da matafiya da mata da yara ta kowane gefe, sai a 1872 aka yi sulhu aka ware musu ƙasa. A 1876 gwamnati ta soke wannan ƙasar ta kwashe da yawansu zuwa wani keɓaɓɓen yanki mai suna San Carlos. Shekara ɗaya bayan nan Schieffelin ya samu azurfarsa. Ku lissafa da kanku. Geronimo, wani jagoran yaƙin Chiricahua, ya ci gaba da turjiya har Satumbar 1886 da ya miƙa wuya a Skeleton Canyon, sojoji wajen 5,000 suna farautar mutanen da ba su kai 40 ba, sannan aka loda Chiricahua a jirgin ƙasa zuwa Florida har da waɗanda suka yi wa sojan Amurka aikin bin sawu, suka zauna fursunonin yaƙi har 1913. A zagayen da muka bi minti nawa aka ba wannan, ko ɗaya. Haka Sinawan garin da suke da unguwarsu da ɓangarensu a Boothill, haka 'yan Meksiko. In da matattu suna dawowa neman hakki ai ba mahaƙi ne zai fara zuwa barandata ba. Na faɗa wa jagoran haka bayan an tashi, ya yi murmushi ya ce mutane abin da suka gani a fim suke zuwa nema.

Za ku ce to ke ba ki ga komai ba kenan. Akwai abu ɗaya da ban samo bakin zarensa ba kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Bayan an gyara hita an canza waya an kama ɓeraye, a ɗakin baya wani lokacin gab da asuba ana jin warin taba, irin mai kaurin nan ta da, ya ɗan jima ya ɓace. Ba mai shan taba a gidanmu, maƙwabciyar ma ba ta sha. Abban Sadiq ya ce tsohon katako ne da ya sha hayaƙi shekara da shekaru yake fitar da shi in iska ta canza, kuma biri ya yi kama da mutum don an fi ji in an yi ruwa ko raɓa ta sauka. Da na ba Innata labari a waya cewa ta yi ke dai ki dinga sa Baƙara a gidan, ki tofe yaron nan da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, kuma kar ki kuskura ki watsa ruwan zafi a waje ba bisimilla. Na ce to Inna, kuma ina yi, da ma can ina yi. Ban taɓa jin tsoron ɗakin ba, a nan ma nake ninke kaya.

Abubuwan da suka fi cancanta a ji tsoro suna waje. Kunama tana shigowa, sai an zazzage takalmi kafin a sa. Akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya lokacin zafi. Akwai wata dabba mai kama da aladen daji da suke kira javelina, garke suke zuwa da dare su kifar da bola, in kana da kare ka yi hankali. Karnukan dajinsu kuma in suka fara kuka cikin dare kamar yara ake yankawa, daren farko sai da na tashi zaune. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin ruwa ne, tsawa mai firgitarwa, kwari su cika nan da nan, kar ka ce za ka ratsa da mota. Ruwan ma ya nuna mana inda kwanon ɗakin girki yake yoyo, wannan dai ba a ce fatalwa ba ce, an ce za a gyara, har muka tashi bokiti ne a wurin.

Ga 'yan uwa Musulmi, babu masallaci a garin, Juma'a Tucson muke zuwa, tafiyar sama da awa ɗaya, can kuma ake samun naman halal sai mu sayo da yawa mu cika firiza. Manyan kantuna sai Sierra Vista ko Benson, garin kansa shagunan tsaraba da mashaya sun fi yawa, mota dole ce. A hanya ta 80 in ka nufi arewa akwai shingen jami'an kan iyaka, wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙa yawo da takardunsa, mu dai ba a taɓa wulaƙanta mu ba, tambaya ɗaya biyu a ce a wuce. A watan Oktoba suna bikin Helldorado da aka fara tun 1929, garin yana cika maƙil, ƙarar bindigar wasa tun safe, in kana aikin dare kana barcin rana ka nemi abin toshe kunne.

Kuɗin ajiya kuma, doka ta ce kar ya wuce hayar wata ɗaya da rabi kuma a mayar cikin kwanakin aiki 14 tare da lissafin abin da aka cire. Ta mayar a kan lokaci, wannan na yaba, sai dai ta so ta cire kuɗin gilashin tagar nan, lungun sanyin da take talla da shi tun kafin mu zo. Allah ya sa na ɗauki hoton komai ranar da muka shiga, na tura mata har da hoton tallarta, ta mayar da cikon ba ta ce uffan ba.

Wanda zai zo kwana biyu ko uku don nishaɗi, yana son ya ji ƙofa ta yi ƙara ya ba abokai labari, gidan zai masa daɗi, yanzu ma da aka gyara hita da wayoyin falo ya fi aminci, sai dai ya yi haƙuri mun kashe masa mahaƙin da matar tagar. Mai iyali da zai zauna watanni yana aiki kuwa ya nemi na layin baya wanda ba a yi masa talla da kowa ba, ya fi araha kuma ba mai haska masa tocila. In kuma lallai sai wannan, ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa mai gyara ya duba hita da bututunta da wayoyin ɗakunan kwana, don na ɗakunan ba a taɓa su ba har muka fita.